Taron Horon da Ba a Gyangyaɗi a Cikinsa

Da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana ta biyu, malamar ta tashi daga teburin manya ta koma kujerar ƙarshe ta zauren, domin ta ga taron kamar yadda mahalarta suke ganin sa. Taron nata ne tun daga tushe. Ita ta rubuta takardar neman tallafi, ita ta kama masauki a bayan gari inda hayaniya ba ta kaiwa, ita ta tace sunaye har ta tsayar da ɗalibai ashirin da huɗu masu karatun digiri na biyu da na uku a fannin ƙananan halittu, sannan ta bi farfesoshi takwas ofis-ofis har kowannensu ya amince zai gabatar da lacca. A wannan lokaci ɗaya daga cikinsu ne yake tsaye gaban majigi, ya wuce shafi na hamsin, yana bayani mai tsabta wanda babu kuskure a cikinsa. Daga inda take zaune ta ƙirga mutum bakwai da suka ɓoye waya a ƙarƙashin tebur, da uku da gyangyaɗi ya riga ya ci ƙarfinsu. Sauran suna kwafar abin da ke jikin allo kalma bayan kalma, alhali an yi musu alkawarin za a tura musu shi gaba ɗaya. Da farfesan ya kammala ya nemi tambaya, sai zauren ya yi tsit, har wani ɗalibi ya miƙe ya yi godiya a madadin 'yan'uwansa, aka tafa.

Ranar rufewa aka raba takardun jin ra'ayi, kusan kowa ya rubuta yabo. Aka ba da takardun shaida, aka ɗauki hoto, rahoton da aka aika wa masu tallafi ya fita fes. Bayan wata shida, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yabon taron ya zo ɗakin gwajinta neman taimako a kan aikin digirinsa. Ta miƙa masa ruwa mai ɗauke da bakteriya, ta ce ya sirka shi kashi ɗaya cikin goma har sau shida a jere, aikin da aka yi laccar awa biyu a kansa a rana ta uku ta taron. Ya riƙe bututun awo kamar mai riƙe da garwashi, ya daɗe yana duban kwalaben, sannan ya ce, "Malama, wallahi bayanin yana cikin littafina. Hannuna ne dai bai taɓa yi ba."

Duk wanda ya yi aiki a jami'a ko asibiti ko ma'aikata ya san irin wannan taron bita, da jiran babban baƙo, da jakar da aka buga wa tambari, da layin karɓar alawus a ranar ƙarshe. Abin da ya hana malamar barci shi ne ita ba don alawus ta shirya nata ba. Ta yi shi da zuciya ɗaya, da malaman ƙwarai, amma abin da ya fito bai bambanta da na masu neman kuɗin zama ba. Da yake tallafin na shekara biyu ne, sai ta sami damar sake gwadawa, ta kuma fara da karanta abin da aka gano game da irin wannan horo.

Abin da aka auna

Binciken da ta fara cin karo da shi bai kwantar mata da hankali ba. A 2017 David Feldon da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bibiyar ɗaliban digiri na uku 294 a fannin kimiyyar halittu daga jami'o'i 53 na Amurka. Wasu daga cikin ɗaliban sun halarci gajeren horo na 'yan kwanaki ko 'yan makonni a farkon karatunsu, wasu ba su halarta ba. Da aka auna ƙwarewarsu ta bincike, da yawan abin da suka wallafa, da yadda suka saje da sashensu, ba a ga wani fifiko ga waɗanda suka halarta ba. Bayanin da masu binciken suka karkata gare shi tsoho ne a ilimin koyo: abin da aka ɗura wa mutum cikin gaggawa yakan zube cikin gaggawa, wanda aka rarraba a tsawon lokaci kuwa shi yake zama. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna, da gwaji a kan kansa, cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a lokuta mabambanta ta fi maimaitawa a zama ɗaya.

Bincike na biyu ya shafi lacca ita kanta. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokansa suka tattara nazarce-nazarce 225 da suka kwatanta azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci iri biyu, waɗanda malami ke magana ɗalibai suna sauraro, da waɗanda ake sa ɗalibai su warware matsala ko su yi muhawara a cikin aji. A azuzuwan lacca zalla kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai suka faɗi, a ɗaya ɓangaren kashi 21.8.

Na ukun ne ya warware mata sirrin takardun yabo. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa suka raba ɗaliban fiziks na Jami'ar Harvard gida biyu, suka koya musu darasi ɗaya ta hanyoyi biyu, sannan suka yi musu jarrabawa, suka kuma tambaye su yadda suke jin sun ƙaru. Waɗanda suka saurari gwanin lacca sun fi jin cewa sun koya, waɗanda aka sa su wahala da tambayoyi kuma suka fi cin jarrabawar. Magana mai santsi tana sa mai sauraro ya ɗauki fahimtar malami a matsayin tasa. Ɗaliban malamar ba ƙarya suka yi mata ba a takardun jin ra'ayi, abin da suka ji a ransu suka rubuta.

Da ta haɗa waɗannan uku, sai tambayar ta sauya mata. Kwana biyar ba za su ɗauki manhajar zangon karatu ba, ko wane ne zai koyar. To me kwana biyar a keɓe za su iya bayarwa wanda aji da littafi da bidiyon intanet ba za su bayar ba? Amsar tana cikin tarihin wasu wurare kaɗan da suka daɗe suna wannan sana'a.

Kwas ɗin da ya raini wani fanni

A bazarar 1945, a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke tsibirin Long Island kusa da birnin New York, Max Delbrück ya buɗe wani kwas na mako uku. Delbrück Bajamushe ne da ya taso a fiziks ya koma nazarin halittu, kuma abin da ya zaɓa ya koyar shi ne faj, wato nau'in bairos da ke kama bakteriya ya hayayyafa a cikinta har ta fashe. An ci gaba da yin kwas ɗin kowace bazara har 1970, kuma masu tarihin kimiyya suna lissafa shi cikin wuraren da aka raini ilimin ƙwayoyin gado na zamani. Leo Szilard, wanda ya fara hango yadda za a tayar da sarƙar fashewar nukiliya, ya zauna a bencin ɗalibai a 1947 yana dab da shekara hamsin. Seymour Benzer, masanin fiziks daga Jami'ar Purdue, ya zo a 1948, daga baya ya yi amfani da faj ya zana taswirar cikin ƙwayar gado guda ɗaya dalla-dalla. Delbrück da kansa ya raba kyautar Nobel ta 1969 da Salvador Luria da Alfred Hershey a kan aikin faj.

Ƙarfin kwas ɗin yana cikin abin da aka zaɓa a yi aiki da shi. Faj halitta ce mai saurin ba da amsa. Ɗalibi zai sirka ruwan da ke ɗauke da ita, ya gauraya ɗan kaɗan da bakteriya, ya shimfiɗa a kan faranti mai abincin bakteriya, ya ajiye a wuri mai ɗumi. Kafin gari ya waye bakteriya ta rufe farantin kamar hazo, kuma duk inda faj guda ta sauka sai a ga ɗan da'ira fayau inda ta cinye abin da ke kewaye da ita. Sai a ƙirga. Idan an sirka kashi ɗaya cikin goma sau bakwai, aka ɗebi kashi ɗaya cikin goma na mililita, aka sami da'ira 150, to asalin ruwan yana ɗauke da faj biliyan 15 a kowace mililita. Wanda ya yi sakaci a sirki na huɗu zai ga sakacinsa da idonsa da safe, ba tare da malami ya ce masa uffan ba, kuma yana da damar gyarawa a ranar. Gani ya kori ji. Tun kafin kwas ɗin, a 1944, Delbrück ya shawo kan masu binciken faj su taƙaita a kan nau'i bakwai, T1 zuwa T7, da irin bakteriya guda, saboda haka lissafin ɗalibin da ke wannan benci ana iya gwada shi da na wancan, a yi gardama a kan lamba.

Darasin da malamar ta ɗauka a nan na tsari ne: a gina kwanakin a kan aikin da ke mayar da amsa cikin sa'o'i, wanda kuskure a cikinsa ba ya ɓuya, kuma kowa yana iya maimaita shi sau uku ko huɗu kafin a watse. Wanda ya kwanta yana tunanin abin da zai tarar a farantinsa ba sai an tashe shi da safe ba.

Tambayar da malami bai san amsarta ba

A gaɓar tekun jihar Massachusetts akwai ƙauyen Woods Hole, inda aka kafa cibiyar nazarin halittun ruwa a 1888. Kwas ɗinta na nazarin aikin jikin halittu ya faro a 1892, kuma har yau ana yin sa. A 2004 Ron Vale da Tim Mitchison suka karɓi ragamarsa suka sake masa fasali. Suka riƙa ɗaukar ɗalibai daga ɓangare biyu, masu ilimin halittu da masu fiziks da lissafi da kwamfuta, domin kowane rukuni ya buƙaci ɗaya. Bayan makon farko na koyon kayan aiki, sauran makonnin sai a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta bi wani babban mai bincike a kan tambayar da shi kansa bai san amsarta ba.

A bazarar 2008 Tony Hyman da Cliff Brangwynne suka zo da irin wannan tambaya. A cikin ƙwan wata 'yar tsutsa mai tsawon kimanin milimita ɗaya akwai wasu ɗigo-ɗigo da aka daɗe ana ɗaukar su daskararrun abubuwa ne. Da aka matsa su a ƙarƙashin na'urar duba ƙananan halittu a ɗakin kwas ɗin, sai aka ga suna zuba, suna haɗewa da juna kamar ɗigon mai a kan ruwa. Aka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2009, ya buɗe sabon babi a kan yadda ƙwayar halitta ke tsara cikinta, har mutanen biyu suka sami kyautar Breakthrough ta 2023.

Ba kowane taro ne zai gano abu irin wannan ba, kuma wanda ya shirya taro da wannan buri zai sha takaici. Abin lura shi ne abin da ke faruwa ga ɗalibi idan ya gane cewa malamin da ke gefensa ba jarraba shi yake yi ba. A gwajin aji na yau da kullum amsar tana cikin aljihun malami, ɗalibi kuma ya san haka, don haka aikinsa ya zama neman lambar da za a yarda da ita. Idan babu wanda ya san amsar, abin da idon ɗalibi ya gani yana da daraja daidai da na farfesa. A nan ne kuma ɗalibi yake ganin abin da ba a rubutawa a takardun bincike: yadda gwani yake ruɗewa, da yadda yake yanke shawarar abin da zai gwada gaba, da lokacin da yake watsar da ra'ayin da yake so. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma sai an zauna da shi a inda yake ɗaukar kanwar.

Sa'o'in da aka bari babu komai

Jadawalin malamar na farko ya cika maƙil daga takwas na safe zuwa shida na yamma, domin tana jin kunyar masu tallafi su ga gurbi a ciki. Tarurrukan Gordon, waɗanda Neil Gordon ya faro a Jami'ar Johns Hopkins a 1931, sun ɗauki akasin wannan hanya kuma sun rayu a kanta har yau. Ana yin su a wurare masu nisa da birni, ana taƙaita yawan mahalarta, ana zama da safe da kuma bayan cin abincin dare, tsakar rana zuwa yamma kuwa a bar mutane su yi abin da suka ga dama. Kowa a wuri ɗaya yake kwana, a tebur ɗaya yake ci. Akwai kuma ƙa'idar cewa ba a ɗaukar abin da aka faɗa a zauren a wallafa, domin mutum ya iya kawo aikin da bai nuna ba tukuna.

Woods Hole ma tana da shaidar amfanin irin waɗannan sa'o'i. A bazarar 1954 Matthew Meselson yana taimakawa a kwas ɗin da aka ambata, Franklin Stahl kuma ɗalibi ne a cikinsa. A waje suka haɗu, Stahl yana zaune a gindin bishiya, hira ta kai su ga yadda DNA ke kwafar kanta. A 1958 suka wallafa gwajin da ya nuna cewa kowane sabon DNA yana ɗauke da tsohon zare ɗaya da sabo ɗaya, gwajin da yau yake cikin kowane littafin koyon ilimin halittu. Mai tsara taro ba zai iya rubuta irin wannan haɗuwa a jadawali ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya bar mata wuri, ya kuma tabbatar manya ba su sulale zuwa ɗakunansu ko su koma gari da zarar sun sauka daga mumbari ba.

Kunya da girma

Shirun da ya biyo bayan laccar farfesa ba rashin tambaya ba ne, kuma malamar ta san haka domin ita ma ta taɓa zama a wannan kujera. Ɗalibin da aka tarbiyyantar a kan kada ya katse babba, wanda kuma ya san mai maganar yana iya zama cikin masu duba kundinsa, ba zai ɗaga hannu a gaban mutum talatin ya nuna bai gane ba. Ɗaliba mace nauyin ya fi yawa a kanta. Cewa "ku saki jiki" ba ya sauke wannan nauyi, sai an sauya tsarin tambayar.

Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi da ke neman fahimta. Hanyar da ya ɓullo da ita ba ta buƙatar kuɗi. Malami zai yi bayani na 'yan mintoci, ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya yi tunani shi kaɗai ya zaɓi amsa, sannan a ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya shawo kansa, a sake zaɓe. Kowa ya yi magana, amma babu wanda ya tsaya shi kaɗai a gaban jama'a. A 2009 Michelle Smith da abokanta a Jami'ar Colorado suka nuna cewa fahimtar ɗalibai tana ƙaruwa bayan irin wannan muhawara ko da a rukunin babu wanda ya san amsar tun farko, wato ba kwafar amsar gwani kawai ake yi ba.

Wahalar ta fi yawa a ɓangaren malamai. Da ta je wa dattijon farfesan da ya koyar da ita da sabon tsarin, cewa laccarsa za ta koma minti ashirin, sauran lokacin kuma zai zauna a benci da ɗalibai huɗu, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Wato shekara talatin da na yi ina wannan aiki, minti ashirin ta cancanta?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, laccarka za su iya karantawa. Yadda kake duban faranti ka san ya gurɓace tun kafin ka buɗe shi, wannan babu littafin da zai ba su. Ni ma a gefenka na koya, ba a aji ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba. Shi ya zo. Biyu daga cikin takwas ɗin ba su sake amsa kiranta ba.

Uzurin kayan aiki

Mai karatu zai iya cewa Cold Spring Harbor da Woods Hole suna da kuɗi da na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa. Gaskiya ne, amma kwas ɗin 1945 faranti da bututu da wurin ɗumama ya buƙata, kuma an gwada wannan tsari a Afirka. A 2011 Sadiq Yusuf da Lucia Prieto-Godino da Tom Baden suka fara kwas ɗin nazarin ƙwaƙwalwa a harabar Jami'ar Kampala International da ke Ishaka a Yuganda, wanda daga gare shi ƙungiyar TReND in Africa ta samo asali. Sun gina shi a kan ƙwari, musamman ƙudan 'ya'yan itace, wanda kiwonsa ba shi da tsada kuma yake kammala zagayen rayuwarsa cikin kimanin mako biyu. A Damaturu, cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a 2021, tana horar da matasan masu bincike a gaban na'urori, hannu da hannu. A Amurka ma shirin SEA-PHAGES, wanda aka faro a 2008, yana sa ɗaliban shekarar farko ta jami'a su nemo sababbin faj daga ƙasar da suka ɗebo da kansu. Abin da ke cin kuɗin tarurruka da yawa zauren otal ne da jakunkuna da tutar maraba.

Zama na biyu

A shekara ta biyu malamar ta bar otal ta kama masaukin baƙi kusa da wani ɗakin gwaji da aka ba ta aro lokacin hutu. Ta rage mahalarta zuwa goma sha takwas, ƙungiya shida ta mutum uku-uku, ta raba abokai, ta haɗa masu ƙarfin lissafi da masu sabon hannu. Makonni biyu kafin taron ta aika wa kowa abin karantawa da tambayoyin sirki guda goma, ta ce amsarsu ita ce tikitin shiga. Bikin buɗewa ya ɗauki minti goma sha biyar.

Tambayar kwana biyar ɗin guda ɗaya ce, kuma babu wanda ya san amsarta: a cikin ruwan kwata da na tafki da na bayan mahauta a wannan gari, ina ne ake samun faj da ke kama irin bakteriyar ɗakin gwaji marar cutarwa, kuma nawa ne yawanta? Ranar farko da hantsi kowa yana sanye da safar hannu a bakin kwata. Aka tsara yini a kan lokutan salla. Bayani gajere da muhawara da safe, aikin benci har azahar, daga nan a bar mutane su huta ko su yi hira har la'asar, domin ta riga ta ga abin da wannan lokaci yake yi wa mai sauraro. Bayan isha'i kowace ƙungiya ta tsaya gaban allo minti biyar, ba majigi, ta faɗi abin da ta yi, da abin da ya lalace, da abin da za ta gwada gobe. Mai magana yana sauyawa kullum, saboda kada bakin ƙungiya ya zama mutum ɗaya.

Abubuwa sun lalace. A dare na biyu janareta ya mutu, na'urar ɗumama ta huce, farantai suka ƙi nuna komai, aka rasa yini guda. Wata ƙungiya ta sami da'irori masu yawa a farantin da ya fi sirki fiye da wanda bai kai shi ba, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Suka kwashe awa guda suna gardama da dattijon farfesan a tsakiyarsu, shi ma yana juya farantan, har wata ɗaliba da ba a ji muryarta ba tun zuwanta ta ce, "Farfesa, ina jin mun juya lambobin kwalaben ne." Haka ne kuwa. Ƙungiya huɗu suka sami faj, biyu ba su samu ba, kuma aka sa waɗannan biyun su yi bayanin ƙarshe kamar kowa, su faɗi dalilan da suke zato da gwajin da zai bambance su.

Takardun jin ra'ayi ba su kai na bara daɗi ba. Wasu sun koka da gajiya, wani ya rubuta cewa ya zo ne ya ji manyan malamai sai aka sa shi wankin kwalabe. Wannan karon ba ta dogara da takardun ba. A ranar farko da ranar ƙarshe ta sa kowa ya yi sirki shi kaɗai a gabanta, ta rubuta abin da ta gani.

Saura matsalar da binciken Feldon ya nuna, wadda kyawun kwana biyar ba ya magancewa. Don haka ta riƙe kaso daga kuɗin tallafin, ta sallami kowace ƙungiya da farantai da kayan sirki, da sharaɗin su maimaita gwajin a garuruwansu, a kuma haɗu ta waya sau ɗaya a wata har wata shida, kowa ya nuna abin da ya samu. Takardar shaida sai bayan haɗuwa ta shida. Ba kowa ya ɗore ba: zuwa wata na huɗu mutum goma sha ɗaya ne suke halarta, kuma ta rubuta wannan adadi a rahotonta kamar yadda yake.

A wata na biyar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, saƙo ya shigo zauren WhatsApp na mahalarta daga ɗalibar nan da ta gano juyin kwalabe. Hoton faranti ne, da da'irori iri biyu a kansa, wasu manya fayau, wasu ƙanana masu duhu-duhu a tsakiya. A ƙasa ta rubuta, "Malama, faj iri biyu ne a nan, ko kuwa hannuna ne ya sake yin wani abu?" Kafin malamar ta gama duban hoton, mutum biyu daga wasu ƙungiyoyin sun riga sun amsa, kuma amsoshinsu sun saɓa wa juna. Ta ajiye wayar ba ta ce komai ba, ta bar su har safe.